Raddi ga masu cewa zaren kabon ba ya komawa masana'anta

Akwai ra'ayin da ya daɗe yana yawo a tsakanin masu harkar ƙere-ƙere, wai sake sarrafa zaren kabon wahalar banza ce, gara a binne shi a huta. Hujjojinsu uku ne, kuma inda suka faɗi gaskiya ba zan hana su ita ba.

Sun ce ba ya narkewa. Haka ne. Alminiyom kam maƙeri zai narka shi ya zuba tukunya, amma danƙon epoksi da ke riƙe da zaren, da zarar ya daskare shi ke nan. Sai dai wa ya ce zaren ake son narkawa? Raba shi da danƙon ake yi. Ana zuba tarkacen a tanderun da aka hana iska shiga, zafi ya kai wajen digiri 500, danƙon ya bi hayaƙi. Zaren kuwa ko gezau, domin tun asali a zafin da ya haura digiri 1,000 aka gasa shi, kuma yana fitowa da mafi yawan ƙarfinsa.

Sun ce abin da aka ceto gajere ne, a cakuɗe, ba zai koma fiffiken jirgin sama ba. Gajarta kam gaskiya ce, sai an daddatsa kafin a gasa. Amma a nan suka yi babban kuskure, da suka mai da fiffiken jirgi mudun awon komai. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Gajeren zaren nan ana shimfiɗa shi kamar tabarma a matse da sabon danƙo, ko a gauraya shi da roba. Kamfanin BMW da ragowar zare ya yi rufin motarsa i3 da ta fito a 2013, Dell kuma ya sa shi a jikin kwamfutocinsa na Latitude. Murfin kwamfuta me zai yi da ƙarfin fiffike?

Hujja ta uku tsada ce, kuma ita ce mafi rauni. Sabon zare daga sinadarin PAN ake yin sa, yana lashe wuta ba kaɗan ba, ceto shi kuwa bai kai rabin wannan ba. Ga shi kusan kashi ɗaya cikin uku na zaren yana zubewa tun a wurin yanka, bai taɓa tashi sama ba. Shi ya sa Boeing ya ƙulla yarjejeniya da ELG Carbon Fibre na Ingila a 2018 don ya riƙa kwashe masa wannan ragowa.

Abin da ba su amsa ba shi ne ina za a samu wurin binne tarkacen duka. Ƙonawa ma ba za ta fisshe su ba, domin zaren yana ɗaukar lantarki, burbushinsa kan lalata matatun hayaƙi. Tarkacen kuwa ƙaruwa zai yi idan jirage suka tsufa: rabin nauyin Boeing 787 irin wannan haɗi na zare da danƙo ne, kuma tun 2011 yake jigilar fasinja.