Mota Ta Ƙi Tashi: Abin Da Tsohuwar Fijo Za Ta Koya Wa Masu Riƙe Da Waya

Yanzu an shiga yayin na'urar duba mota. Ka sayi ɗan ƙaramin ELM327, ka soka shi a ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque, sai lambobi su fito. Matasa da yawa sun ɗauka da wannan sun gama sanin ciwon mota. Ni ra'ayina, na'urar tana da amfani, amma wanda bai iya bin diddigin matsala da kansa ba, ko ya riƙe ta asarar kuɗi zai yi. Wurin da ya fi dacewa a koyi wannan bin diddigin kuwa shi ne gaban tsohuwar motar da ba ta da kwamfuta ko kaɗan.

Duk wanda ke bin hanya tsakanin Ƙofar Dawanau da Ƙofar Ruwa ya san har yau akwai ragowar Fijo 504, musamman a-kori-kura masu ɗaukar buhuna. Motar ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Shi kuwa tsarin OBD-II, wato soket mai baki 16 da ake soka na'urar, sai a 1996 ya zama dole a Amurka, a Turai kuma 2001 ga motocin fetur. Ke nan 504 mai kafireto ba ta da inda za ka soka komai. In ta ƙi tashi da asuba alhali an yi lodin kaya, direba ya rasa cinikin ranar, kuma babu lambar da za ta fito ta faɗa masa dalili.

To ya bakanike nagari yake yi? Da farko yana saurare. In an murza makulli injin yana juyawa da ƙarfi, batir da sitata sun fita daga zargi. In kana da mita, cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 sosai ba yayin da ake kik. Daga nan saura abu huɗu: wuta, mai, matsin iska a cikin silinda, da tayimin. Injin fetur ba ya tashi sai huɗun nan sun haɗu.

Sai ya fara da wuta, domin ita ce mafi sauƙin gwadawa. Ya cire fulogi ɗaya, ya jingina jikinsa da ƙarfen injin, a yi kik. In tartsatsi shuɗi ya fito, wuta na zuwa. In babu, sai ya koma baya mataki-mataki: wayar fulogi, murfin distiributa, kwantak, kwandansa, koyil. Kwantak yakan ƙone ko tazararsa ta rufe, alhali kusan milimita 0.4 ake so. Da damina, laima a cikin murfin distiributa kaɗai ta isa ta hana mota tashi.

In wuta lafiya, sai mai. Fulogin da ya cire ma ya riga ya ba shi labari. In a bushe yake, mai ba ya isowa, sai a duba tanki, tiyo, matata da famfon mai. In a jiƙe yake yana warin fetur, mai ya yi yawa, sai a taka totur har ƙasa a yi kik. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da ƙananan ramukan kafireto. Shi kansa man abin zargi ne, kowa ya tuna gurɓataccen fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022. Sai an wanke wuta da mai kafin a je ga tayimin da matsin iska: ko an juya wayoyin fulogi sun saɓa jerin 1-3-4-2, ko gasket ya ƙone, ko ringi sun cinye. Gargaɗi ɗaya: kada ka tsiyaya fetur a kafireto ka leƙa da fuska ana kik, wuta tana iya dawowa ta baki.

Duk mai rubuta manhaja zai gane wannan tsarin nan take. Haka muke farautar kuskure: ka raba matsalar gida biyu, ka gwada abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka fara da gwaji mai arha, kada ka canja komai sai ka sami hujja. Wanda ya canja fulogi, koyil da famfo a tashi ɗaya, ko motar ta tashi bai san me ya gyara ba, kuma ya biya kuɗin abu uku saboda ɗaya.

Wani zai ce waɗannan motocin sun kusa ƙarewa, me ya sa za mu ɓata lokaci? Saboda sabuwar mota ma da wuta, mai, iska da tayimin take tashi. Na'ura za ta iya nuna maka P0335, wadda ke nuni da layin sensan kiranshaf. Lambar ba ta ce sensan ya mutu ba. Wataƙila waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa. Famfon mai kuma yakan raunana ba tare da wata lamba ta fito ba. Haka in ka tambayi ChatGPT, jerin abubuwan da za su iya yiwuwa zai ba ka, gwajin yana wuyanka. Wannan ilimin dai shi zai tayar maka da janareta, babur da Keke Napep.

Ban ce kowane tsohon bakanike gwani ba ne. Akwai masu cankan da za su aike ka Ƙofar Ruwa sau uku a rana ɗaya. Amma gwanayen cikinsu suna tsufa, iliminsu a ka yake, yaran garejinsu kuma hankalinsu ya koma kan motocin zamani. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, kowace naira da direba ya kashe a kan kayan da ba su lalace ba daga bakin iyalinsa ta fita.

A nan wayar hannunmu za ta yi aikin gaske. Mu je garejin unguwa, mu nemi izinin maigida, mu ɗauki bayaninsa da Hausa, mu ambaci sunansa, in an samu kuɗi a raba da shi. Masu iya rubuta manhaja su mayar da bayanin tambayoyi masu bin juna: Injin yana juyawa? Akwai tartsatsi? Fulogi a jiƙe yake ko a bushe? A sa murya saboda direban da bai iya karatun boko ba, kuma ta yi aiki ba tare da data ba. Wannan ba ya buƙatar jari mai yawa, waya da haƙuri sun isa. Kafin nan kuma, duk ranar da mota ta ƙi tashi aka ce ka sayo wani abu, ka fara tambaya: wane gwaji ne ya nuna shi ne ya lalace?