Dillalan mota, a duba tsohuwar kwamfutar ofis

Maganar yau da dillalanmu na mota ce, musamman na Berger da Apapa a Legas.

Duk cikinku ba wanda zai sayi motar da aka daina ƙera kayan gyaranta. Amma leƙa ofishin dillali ka ga kwamfutar da ya tara takardun kwastan, lambobin shasi, katin shaidar masu saye da lissafin masu biya kaɗan-kaɗan. Wata har yau Windows 7 ce a kanta, alhali Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Duk kafar da ɓarayin intanet suka gano a irin wannan kwamfuta, ba mai toshe ta.

Wani zai ce ai tana aiki. Tana aiki kam, sai ranar da aka kulle maka ita aka nemi kuɗin fansa. A Yunin 2024 an yi wa kamfanin CDK Global kutse, dillalan mota kusan 15,000 a Amurka da Kanada suka koma biro da takarda har kusan mako biyu. Su ke nan masu ma'aikatan tsaro, ina ga mu?

A ganina a sauya kawai, kuɗin bai kai ribar mota ɗaya ba. In tokumbo za ka sayo a Computer Village na Ikeja, a kunna ta a gabanka ka tabbatar tana ɗaukar Windows 11. Ka kwashe takardunka tukuna, sannan a goge tsohuwar tas kafin a ba yaron shago.