Zare: A buɗe mana laburaren garinmu ranar Asabar

1/ Jama'a, ina da magana a kan laburaren ƙaramar hukuma. Eh, wancan ginin da kuke wucewa kullum, wanda awaki ke kwana a barandarsa. Ku ba ni minti biyar, in na kauce ku gyara min a ƙasa. 🧵

2/ Lokacin yajin aikin jami'o'i na 2022, wata 8 cur muna gida. Data ta ƙare, zaman majalisa ya ishe ni, sai wata rana na leƙa laburaren garinmu. Mutum 3 na tarar: baba mai gadi, ma'aikaciya ɗaya, da wani yaro yana haddar tambayoyin JAMB.

3/ Ƙura kam akwai, gara ma ta ci rabonta. Amma ga ƙaton zaure, ga bencina, ga inuwar darbejiya a tsakar gida. Sai dai ƙarfe 4 an kulle, Asabar da Lahadi ma a kulle. Wato daidai lokacin da yara da matasa ke da sarari, lokacin ne ƙofar take rufe.

4/ Ni a ganina matsalar ta fi ƙarancin littattafai. Mun ɗauki laburare wurin shiru da shirin jarabawa kawai. Kana gama WAEC shi ke nan, kun raba gari. Wurin da ba a taruwa a cikinsa kuwa, babu mai jin ciwo in rufinsa ya yaye.

5/ Ku tuna wani abu. A 1933 aka sa gasar rubuta labarai da Hausa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki da Shaihu Umar. Abubakar Imam, haifaffen Kagara, shekararsa 22 lokacin. Sa'anmu ne fa! Basirar tana nan tun tuni, fili kawai aka ba ta.

6/ Yau ma ana ba da fili. Akwai gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, akwai bukukuwan littattafai irin KABAFEST da HIBAF. Madalla. Amma yarinyar da ke rubuta labari a bayan littafin lissafinta a ƙauye, wa zai ba ta kuɗin mota zuwa Kaduna? Wa ma zai bar ta ta je?

7/ Filin da ƙafarta za ta iya kai ta shi ne laburaren garinsu. Shi ya sa nake cewa a buɗe shi ranar Asabar, a cika shi da mutane. Ga abin da za a iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba:

8/ Tatsuniya da hantsi. A gayyato kakanninmu su zauna da yara, Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, karin magana. A nemi izininsu a naɗa a waya. Ƙannenmu sun san kowane sauti na TikTok, amma ka ce su ba ka tatsuniya ɗaya daga farko har ƙarshe, ka sha mamaki.

9/ Tarihin gari. Me ya sa ake kiran unguwarku da sunan da ake kiran ta? Ina ganuwa ta bi? Wa ya kafa kasuwa? Amsoshin suna kan dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci, kuma duk shekara muna raka wasu makwanci. Wanda ya tafi, ya tafi da nasa.

10/ Baje kolin hannu. Mai zayyanar allo, mai ɗinkin hula, mai zanen lalle, yaron da ke ƙera mota da gwangwani, malamin da zai koya mana rubutun ajami. Waɗannan ma fasaha ce, ba sai wanda ya karanta zane a jami'a ba.

11/ Zaman marubuta sau ɗaya a wata. Kowa ya karanta shafi 2, a yaba, a gyara. Sai muhawara tsakanin makarantu da ɗan wasan kwaikwayo. Masu zuba labari a WhatsApp, ku fito a ji muryarku, ba "mun gode, a ci gaba" kawai ba. 😂

12/ Kada ku ce zancen baki ne, mun gwada. Mu 5 muka nemi makulli. Aka ce sai da takarda, muka rubuta, muka yi sati 3 muna zarya. Ƙarshe aka ce zaure dai a'a, amma mu zauna ƙarƙashin bishiya. Muka aro tabarmi, muka haɗa kuɗin ruwan leda.

13/ Ranar farko yara ba su kai 15 ba. Asabar ta huɗu tabarmi sun kasa. Abin da ba na mantawa: wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki ba ta zo bayan an tashi, a hankali ta ce, "Yaya, littattafan ciki ana ara?" Duk zamanta a garin ba ta san nata ba ne.

14/ Sai aka janye yajin aiki muka koma makaranta, abin ya mutu murus. Laifinmu ne, mun ɗora komai a kanmu. Da mun jawo malaman firamare, masu bautar ƙasa, mai unguwa da ita kanta ma'aikaciyar, da yanzu ana yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

15/ Na san za a ce hayaniya za ta hana masu karatu. Gaskiya ne, shi ya sa na ce Asabar, awa 3 kacal. Sauran kwanakin na masu shiru ne.

16/ Za a ce iyaye ba za su bar 'yan mata ba. Damuwarsu tana kan hanya, kada a raina ta. A yi da rana tsaka, a kauce wa lokacin islamiyya, a ware zaman mata wanda mata ke jagoranta, a ce iyaye su zo su gani da idonsu.

17/ Gyaran rufi, sola da sababbin littattafai haƙƙi ne a kan hukuma, ba mu yafe ba. Amma ciyaman ya fi jin kunyar ginin da yara 50 ke cika duk sati a kan wanda babu kowa.

18/ Don haka hutun nan in ka je gida, shiga laburaren garinku. Gaida ma'aikatan, tambayi abin da ake buƙata kafin a ba da wuri, nemo mutum 4, kuma ka tabbata 2 daga cikinsu mazauna garin ne da ba za su koma makaranta ba.

19/ Ku faɗa min a ƙasa: garinku akwai laburare? Yaushe rabonka da shiga? Wanda ke son irin takardar da muka rubuta ya yi min magana, zan turo.