Daga Bakin Kasuwa: Wai kumbo yana ƙara?



Duk wanda ya tashi a gefen Kasuwar Umdurman a shekarun 1980 ba zai manta rumfar mai gyaran talabijin ba, inda mukan yi cincirindo da yamma don kallon Grendizer. A Japan aka zana shi a 1975, aka juya shi Larabci a Lubnan. Kafin jarumin ya harba makami sai ya kira sunan makamin da ƙarfi, abokin gaba kuma ya tsaya jira kamar mai ciniki a layin 'yan zinare. Ba mu taɓa cewa uffan ba, daɗi muke ji.

To, kwanan baya wani yaronmu ɗan sakandare ya ce ƙarya muka sha kallo. Wai babu iska a sararin samaniya, babu abin da zai ɗauko sauti, saboda haka kumbo ba ya rugugi. Yaron nan ya yi gaskiya. Masu shirya Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, sun san haka sarai, amma suka sa wa kumbonsu ƙara, don idan ya wuce shiru mai kallo ba zai ji gudunsa ba. Na'urar nan ma da ke ɓatar da mutum ta bayyana shi a wata duniya, rashin kuɗi ne ya haife ta, domin nuna saukar kumbo kowane mako ya fi ƙarfin aljihunsu.

Akwai waɗanda suka bi gaskiya. Firefly na 2002 ya bar sarari shiru. The Expanse na 2015 ya gina kumbo kamar bene, inji a ƙasa, turin injin ne ke manne ƙafar mutum a daɓe, kuma a rabin tafiya sai a juya kumbon baya don rage gudu. Mu dai mun fi son wannan, ko da yake dattawanmu gyangyaɗi yake sa su.

Ƙarar kumbo mun yafe ta. Wadda ta tsaya mana a rai ita ce ta fashewa, inda walƙiya da ƙara ke zuwa tare komai nisa. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya ci rumfuna masu yawa a kasuwar nan, 'ya'yanmu sun koyi akasin haka ba a aji ba. Haske ne ke fara isowa, sauti na biye da shi da gudun mita 340 a daƙiƙa, wato kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa uku. Mun ga yarinya 'yar shekara bakwai tana ƙirga da yatsu bayan walƙiya, sannan ta ce, “Kaka, tara na ƙirga, yana can nesa.”

Bayan mun bar gari aka kunna mata Grendizer a waya. Da wani kumbo ya tarwatse ta ɗaga yatsu za ta ƙirga, sai ƙarar ta riga ta. Ta miƙa wa babanta wayar, ta ce a kashe.