Precision ko Jazz: Wace jitar bas ce za ta jure wutar janareta da hunturun Dutsin-Ma?

Matashin Kutawa, ko Kurfi, ko cikin garin Dutsin-Ma, da ya shafe watanni yana tara kuɗin jitar bas, yawanci a waya yake fara cinikin. Zai buɗe YouTube ya ga wani Bature ya kaɗa wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan, sannan a ce masa ya saurari bambancin. Wayar kuwa ba ta iya fitar da abin da ake so ya ji. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya, kuma 'yar lasifikar waya ba ta sauka ko kusa da nan. Saman muryar kawai ke isa kunnensa. Wanda ya yanke shawara da wannan ya yi cinikin biri a sama.

Jitocin biyu da aka fi gwama su 'yan gida ɗaya ne. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka a 1951, sannan kamfaninsa ya biyo da Jazz Bass a 1960. Tsirkiya huɗu-huɗu gare su, tsawon tsirkiyar inci 34 a duka biyun. Yawancin jitocin bas da ke rataye a shagunan Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas kwaikwayon ɗaya daga cikinsu ne, ko da wane suna aka liƙa a kai. Squier, wanda Fender ke sayar da masu sauƙin kuɗi a ƙarƙashinsa, shi ma yana yin duka biyun.

Kafin a ce wacce ta fi, sai a duba wa ke saye, kuma ina zai kaɗa. Waƙoƙin Hausa na zamani ba su cika buƙatar mai jitar bas ba, don piyano da kwamfuta ke cike wannan gurbi a situdiyo. Masu saye a wannan yanki su ne ƙungiyoyin waƙa na majami'u, da ɗalibai irin na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da samarin da kiɗan jitar Agadas irin na Bombino da Mdou Moctar ya ja hankalinsu. Dukkansu a zaure ko a fili suke kaɗawa, da wutar janareta, da amfilifayar da mai yiwuwa aro ce. Ga irin wannan mutum, Precision ce ta fi dacewa a sayen farko.

Dalilin yana ƙarƙashin tsirkiya. A jikin kowace jitar lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda makaɗa ke ce wa fikof. Shi ne kunnen jitar: yana ɗaukar motsin tsirkiya ya mayar da shi lantarki. Sai dai kunne ne marar zaɓe. Yana ɗaukar gurnanin wutar lantarki da ke kewaye da shi, daga taransifoma, daga fitila mai doguwar kwalba, daga cajar waya mai araha. Jazz tana da irin wannan kunne guda biyu, ɗaya kusa da wuya, ɗaya kusa da gindi, kowanne da maɓallin ƙarar sautinsa. Idan aka buɗe su duka daidai wa daida, gurnanin ɗaya yana kashe na ɗaya. Da zarar an rage ɗaya don a sauya murya, sai "zuuu" ɗin ya dawo. Wato abin da ake yabon Jazz da shi, yawan muryoyi, shi ne ke buɗe ƙofar hayaniya a ɗakin da wayarinsa ba shi da kyau.

Precision kuwa tun 1957 aka raba kunnenta gida biyu, rabi na tsirkiya biyun sama, rabi na biyun ƙasa, aka naɗe su sabanin juna don su riƙa kashe gurnanin a kowane lokaci. Maɓalli biyu kacal gare ta, na ƙara da na kaurin murya. Muryarta ɗaya ce, mai cika tsakiya, irin wadda ke ratsa ganguna da piyano ta fito ko a ƙaramar lasifika. Da ita James Jamerson ya kaɗa ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown na Amurka. Kuma idan waya ta tsinke a cikinta, mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai gano inda matsalar take, don kayan cikin ba su da yawa. A garin da mai gyaran jita na ainihi sai an shiga mota zuwa Kano, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai hayaniyar da ba ruwanta da irin jitar. Idan janareta ko soket ba shi da wayar da aka binne a ƙasa, duka biyun za su yi ƙara, kuma abin ya wuce batun daɗin sauti: makaɗi na iya taɓa tsirkiya da makirfo lokaci guda wuta ta ja shi. Wannan aikin mai wayarin ne, sauya jita ba ya maganinsa.

Masu son Jazz suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce. Wuyanta ya fi siranta: milimita 38 a can sama inda tsirkiya ke hawa, na Precision kuwa tsakanin 41 da 44, gwargwadon samfuri. A takarda bambancin bai kai kaurin ƙwayar wake ba, amma yaro ɗan shekara 14 ko mace mai ƙananan yatsu za su ji shi kafin a gama waƙa uku. Mai son salon marin tsirkiya da babban yatsa, wanda ya yi yawa a waƙoƙin majami'u na yanzu, shi ma zai fi samun wannan ƙara mai kaifi a Jazz. Kada kuma a ce ba ta da zurfi: Aston Barrett, mai jitar bas na Bob Marley, da Jazz aka san shi. Duk wanda hannunsa ya ƙi wuyan Precision, to ya ɗauki Jazz, ya saba da barin maɓallan biyu a buɗe.

Mai shago zai iya fito da ta uku, wadda ta haɗa kunnen Precision da na Jazz guda ɗaya, kamar Yamaha TRBX174 ko Ibanez GSR200. Ba laifi, amma a tambaya ko tana cin batir. GSR200 tana amfani da batir mai bolt 9, kuma muddin igiyar amfilifaya na soke a jikinta batirin na ci gaba da zuƙewa. Irin wannan batir ba a kowane teburin mai kayan masarufi ake samunsa ba, kuma ba ya sallama kafin ya mutu ana tsakiyar biki. TRBX174 ba ta buƙatarsa.

Sai babban abin da hoton intanet ba ya nunawa: wuyan jitar itace ne, itace kuwa yana sha yana bushewa. Jitar da ta kwana a danshin Legas, idan ta iso Katsina ta haɗu da hunturu, itacen zai tsuke. Bakin ƙarafan da ke gicciye a wuyan zai fito yana kartar yatsa, wuyan kansa na iya lanƙwasawa, tsirkiya ta yi nisa da katako ko ta kwanta tana zuza. Damina ta zo kuma ya sake motsawa. Don haka aka saka sandar ƙarfe a cikin wuyan, wadda ake juyawa kaɗan-kaɗan don miƙe shi. Jitar da wannan sanda ta ƙi juyawa, ko kan kusarta ya cinye, ba abin saye ba ce ko da sunan Fender ne a goshinta. Sunan ma abin tuhuma ne: "Fender" sabuwa fil da ake sayarwa a kuɗin Squier jabu ce, kuma Squier ta gaskiya ta fi ta.

Mai sayen sa a kara ba ya tsayawa kan launin fata, sai ya buɗe baki ya ga haƙora. Haka mai sayen jita zai ɗaga ta ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar gora, ya danna kowace tsirkiya a kowane gurbi ya ji ko akwai inda take zuza, ya murɗa maɓallai ya ji ko suna ƙarar yashi, ya girgiza igiya a bakin soket ɗinta. Ya sa a gwada duka biyun a amfilifaya ɗaya, ba tare da an taɓa saitinta ba, in da hali ma lokacin da shagon ke kan janareta. Kuma ya rage wani abu daga kuɗin don tsirkiya ta ajiya da jaka mai kauri, saboda jitar za ta koma gida ne a bayan motar haya, tare da buhunan mutane.