Kada a sayar da lokacin wa'azi a tashar jami'a

Da almuru, a teburin mai shayi a bakin titin Sakkwato cikin Samaru, za ka tarar da ɗalibi da ɗan acaɓa da leburan gona sun zuba wa talabijin ɗaya ido. Rimot na hannun mai shayin, kuma da zarar an sako mai wa'azin da ya fara cewa "waɗancan mutanen", sai ya canja tasha, don ya san bencinsa na kowa ne. Wannan hankalin nake roƙon jami'o'inmu su ara.

Tashoshin makarantu sai ƙaruwa suke yi. Jami'ar Legas ta fara da rediyo har ta kai ga talabijin, Jami'ar Bayero tana da tata tashar, a nan Zariya kuma muryar ABU FM tana shiga gidajen Samaru da kewaye. Duk wadda ta kunna kyamara za ta gamu da jarrabawa iri ɗaya: janareto na shan dizal, aljihu babu nauyi, ga masu kuɗi a bakin ƙofa suna neman awa guda ta tafsiri a watan azumi ko ta addu'a ranar Lahadi. A tashoshin kasuwa wanda ya biya shi ke hawa, ba a tambayar inda ya yi karatu.

Zariya ba ta da uzurin cewa ba ta san abin da baki ke haifarwa ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga harabar Kwalejin Ilimi ya tashi, a kan kalaman wa'azi, kuma cikin 'yan kwanaki wutar ta iso garin nan. A Sabon Gari, inda ladan da mawaƙan coci ke jin muryar juna, dattawa ba su manta ba. To ina dalilin da jami'a za ta ɗora tambarinta a kan bakin da ba ta tantance ba?

Ba cewa nake a kori addini daga allo ba, Allah ya kiyaye. A ba shi lokaci mai kyau, amma kyauta, kuma a hannun masana. A harabar ABU ta Kongo akwai Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci. A zaunar da malaminta ya warware wa bazawara rabon gado da lissafin zakka. Malamin darasin addinin Kirista shi ma a ba shi kujerarsa. Ɗalibai su yi tambaya, a amsa ba tare da zagi ba.

Waƙa kuwa, ABU da ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988 bai kamata ta ji kunyar kalangu ba, balle ta cika dare da bidiyon da ke cikin wayar kowane yaro. Labaran harabar ma su wuce yanke ƙyalle da jawabin shugabanni. Manomin ƙauyen Bomo yana bayan katangar Cibiyar Binciken Aikin Gona, inda ake fitar da irin wake SAMPEA da masara SAMMAZ. A nuna masa yadda ake shuka su, da Hausa.

Shugabannin jami'a da malaman Sashen Aikin Jarida, don Allah ku rubuta wannan ƙa'ida tun kafin mai jakar kuɗi ya yi sallama: lokacin wa'azi ba na sayarwa ba ne.