HIRAR MAKO: Tsohuwar 504 bisa duwatsu, sabuwar mota cikin salula

Daga Icirnawa zuwa Kance da Matamai, duk wanda ya saba shiga gidajen ma'aikata da na ƴan kasuwa ya san wannan baƙuwar da ta zama ƴar gida: tsohuwar mota a gindin bango, an cire mata tayoyi, an ɗora ta bisa duwatsu, kaji suna ƙwai a kujerar baya. In aka tambayi maigida sai ya ce gyara ake yi, bayan kaka za ta tashi. Kaka ta zo ta wuce sau biyar, mota tana nan inda take. To ga shi kuma yanzu wani ɗan'uwa daga Lome ko Kano ya aiko masa da hoton wata ja mai ƙofa biyu, mai ƙasa-ƙasa, irin wadda Turawa ke ƙerawa domin gudu. Maigida ya kwana da tambaya biyu: ya sayi sabuwar? In ya saya, me zai yi da tsohuwar?

Kafin a yanke wa tsohuwar hukunci, ya kamata a ba ta haƙƙinta. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1975 masana'antar PAN ta Kaduna ta soma harhaɗa motocin Peugeot, abin da ya sa kayan gyaran 504 suka cika kasuwannin ƙasar Hausa. Cikin shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun riƙa ƙetaro hamada da tsofaffin Peugeot, ta Tamanraset da Asamaka da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar su koma gida ta jirgi, har rikicin Aljeriya da tawayen arewa suka datse wannan hanya a farkon shekarun 1990. Da yawa daga cikin motocin da ke kwance yau a zaurukan jihar Damagaram ta can suka shigo. Wanda kuma yake ganin 504 motar dattawa ce, sai ya tuna ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, ƴar'uwarta mai ƙofa biyu da injin V6 ta sake cinye shi a 1978. Ta yi tsere, kuma bisa irin hanyoyin da ake da su a nan ta yi shi.

Me ya kwantar da ita? Ga ma'aikatan wancan zamani amsar tana da rana. Ran 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma sefa 100. Duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, a lokacin da ma'aikaci ke bin gwamnati bashin albashin watanni. Mota ta tsaya don ƙaramin abu, aka ce sai albashi ya fito, albashi ya fito ya tarar da bashin mai kanti da kuɗin lakol. Haka ƙaramin ciwo ya zama jinya.

Abin da masu irin wannan mota ba su son ji shi ne, mota a kwance ta fi mota a hanya saurin lalacewa. Batir yakan mutu cikin ƴan watanni. Esansin da ya kwana a tanki yakan yi kauri ya toshe kafireto. Robobin inji da na birki suna bushewa su tsage, man birki yana shan laima, ɓeraye suna cin wayoyi, ruwan damina yana taruwa a ƙasan kujeru har tsatsa ta huda. Kowace shekara kuɗin tada ta na ƙaruwa, kuɗin sayar da ita na raguwa. Maigida kuwa sai ya ce ai ya riga ya zuba mata kuɗi da yawa, ba zai bari su tafi a banza ba. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsar wannan magana: kuɗin da ya tafi ya tafi, wanda ke cikin aljihu shi ake yi wa shawara.

Saboda haka tambayoyi huɗu ne ke raba gardama, kuma bakanike mai gaskiya zai amsa uku cikin yini guda. Na farko, gindin motar lafiya yake, ko tsatsa ta ci ƙarfen da ke ɗauke da ita? Inji ana sakewa, amma ruɓaɓɓen gindi ba ya jin magani. Na biyu, ana samun kayanta a Damagaram ko Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko sai an yi odar kowane ƙusa? Na uku, nawa ne jimillar aikin, a rubuce, daga taya har fenti? Na huɗu maigida ne kaɗai ya san shi: takardun duwan da katin mota suna nan, da sunansa? In amsoshin nan sun yi kyau, to da tsohuwar zuma ake magani; sai a sa wa aikin wa'adi, daga wannan kaka zuwa mai zuwa, a ware masa kuɗinsa daban. In wa'adi ya cika ba ta tashi ba, a sayar wa mai tasha da zai mora, ko a rabar da kayanta ga masu irinta tun suna da daraja. Wanda ya ƙara jira, ƴan gwangwan ne za su auna masa ita a kilo.

Sai kuma jar da ke cikin salula. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Ƙasar da ta ga motocin Paris-Dakar suna ratsa ta tun 1979 ba za a hana wa samarinta sha'awar gudu ba. Amma motocin wancan tsere dogaye ne, kuma manyan motoci cike da kayan gyara da makanikai ke bin su a baya. Motar tsere ta birni wata halitta ce dabam. Tsakanin cikinta da ƙasa bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba, alhali Hilux da Land Cruiser suna haura 20. A kwaltar Takeita zuwa Matamai za ta yi abin da aka yi ta dominsa. Da ta sauka kwalta ta kama hanyar ƙauye, inda amalanke da manyan motoci suka haƙa rami biyu suka bar tudun yashi a tsakiya, sai ta zauna bisa cikinta tayoyi na juyawa a iska. Tayoyin nata sirara ne, rami guda ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa ƙarfenta. Injinta an tsara shi ne domin esansi mai lamba 95 ko 98 na gidajen man Turai, shi kuwa man kwalba na bakin hanya ba ya zuwa da takarda. Tun 2001 doka ta wajabta wa sababbin motocin esansi na Turai na'urar da ke bayyana cutarsu ta kwamfuta, ke nan bakaniken da ya iya kwance 504 ya ɗaura da sifana da kunne, a gaban wannan sai ya nemi mai akwatin bincike a Damagaram ko Kano.

A yi lissafin mai kawai, a misali. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 da wadda ke shan 7, in kowace ta yi kilomita 1000 a wata, bambancinsu lita 50 ne. Bisa farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa lita a 2024, wannan ya kai kusan jika 25 kowane wata, jika 300 a shekara, tun ba a zo ga asiransi da taya da gyara ba. Matatar SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011 ta kawo mai kusa, amma mutanen iyaka sun ga yadda man Najeriya mai araha ya ƙare bayan janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, sun kuma ga layukan gidajen mai na watan Maris 2025. Mai yawan sha shi ke fara jin ƙishirwa.

Hanyar shigo da motar ma ta canza. Shekaru da dama tashar Kwatano ce ƙofar tsofaffin motocin Turai zuwa Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, kuma ko da CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairu 2024, gadar Gaya ba ta buɗe a lokacin ba, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, da ƙarin kwanaki da ƙarin kuɗi. Wanda yake tunanin in ta gagare shi zai tura ta Daura ko Kano ta Ɗan Barto, ya tuna Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairu 2017. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙidaya tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma, kuma da yawansu ba su cika sharuɗɗan lafiyar hanya na ƙasashen da suka fito ba. Hoto ba ya nuna hayaƙi, ba ya nuna motar da ta yi hatsari aka miƙe ta. Biyan kuɗi bisa hoto cinikin biri a sama ne.

Mota a Icirnawa ba ta mutum ɗaya ba ce, ko da sunan mutum ɗaya ke bisa takarda. Ita ke kai mai naƙuda asibitin Matamai da tsakar dare, ita ke ɗauko buhunan gyaɗa da wake da damman rake ranar kasuwa, ita ke kai dangi gaisuwa da ɗaurin aure. Mai kujera biyu za ta bar uwargida da yara a ƙofar gida. Ga ɗan kasuwa kuma, miliyoyin da za su kwanta cikinta jari ne da zai iya juyawa sau da yawa tsakanin kaka da bazara. Ga ma'aikaci, bashin banki ne da za a riƙa yanka daga albashi tun bayan motar ta daina burge kowa.

Hukuncin dai ba mai tsawo ba ne. Wanda yake da motar aiki mai lafiya, da rarar da ba ta taɓa jari ko abincin gida ba, da gida a birni inda kwalta take, ya sayi abin da ransa ke so, bayan bakanikensa ya gani da ido ya tuƙa. Wanda bai kai nan ba, mota ɗaya mai tafiya ta fi masa biyu, ɗaya bisa duwatsu ɗaya cikin yashi. Ya tada tsohuwar cikin wa'adi, ko ya sayar da ita ya haɗa kuɗin ya sayi doguwa mai sauƙin kaya da makanikan Matamai suka san cikinta. Mafi munin zaɓi shi ne wanda aka fi yi: a riƙe tsohuwar don tausayi, a ci bashi a sayi sabuwar don idon jama'a, shekara ta zagayo a tarar da maigida yana jiran kabu-kabu a bakin hanya. Garin neman gira akan rasa ido.